Darasin Wannan Fitowa: Babbar Taya a Kan Tsohuwar Giya

Darasinmu na wannan karo a kan mota yake, amma kada wani ya ce ba layinmu ba ne. Akori-kura ita ce jakin bafatake a yau. Ita ke kai mu kasuwannin daji, ita ke ɗauko dusa da angurya da kanwa da durom na ruwa, ita ke kwaso ɗan maraƙi ko saniyar da ta gaza tafiya, ita ce kuma ke bin garke har inda tirela take jira.

Duk wanda ke cin kasuwar Maigatari, ko Mai'aduwa, ko Illela, ya ga yayin da ake ciki. Mutum ya sayi Hilux, kafin ma ya canja mata mai sai ya wuce wurin masu taya a ɗora mata manya. Mota ta miƙe tsaye, ta yi kwarjini, kowa na cewa Alhaji ya yi mota. To, abin da muke so mu fahimtar shi ne, taya ita ce giya ta ƙarshe a jikin mota. Wanda ya ƙara wa taya tsayi ya riga ya canja giya ko bai sani ba, kuma wajen rage ƙarfi ya canja ta.

Abin da ake samu

Ba za mu ce babbar taya ba ta da amfani ba. Hanyoyinmu ba duka ke da kwalta ba. Da damina manyan motoci kan yi wa hanyar burji rami biyu su bar tudu a tsakiya, ƙaramar mota na shiga sai tukunyar aksul ta dafe a kan tudun, tayoyi na juyawa a banza. Ɗaga sifirin yana ɗaga bodi ne kawai, tukunyar tana nan inda take. Babu abin da ke ɗaga ta daga ƙasa sai tsayin taya. Haka nan a rairayi irin na arewacin Tanut ko Dakwaro ko Abalak, doguwar taya in an rage mata iska takan shimfiɗa tafinta ya yi tsawo, mota ta hau kan yashi maimakon ta haƙa. Wannan gaskiya ne. Sai dai mu ƴan kasuwa ne, ba mu duban riba mu bar uwar kuɗi. Bari mu yi lissafi.

Karatun lambar taya

A gefen kowace taya akwai rubutu. Mu ɗauki 235/85R16. Lamba ta farko, 235, faɗin taya ne da milimita. Ta biyu, 85, tana nufin tsayin gefen taya kashi 85 cikin 100 ne na wannan faɗi, wato kusan milimita 200. Ta ƙarshe, 16, girman ƙarfen da taya ke zama a kai ne, inci 16, wato milimita 406. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, saboda haka 200 da 200 da 406, tsayin taya ya kama milimita 806.

Tsofaffin Hilux da yawa da taya 205R16 suka zo, tsayinta wajen milimita 734. Wanda ya cire ta ya sa 235/85R16, ko 7.50R16 irin ta Land Cruiser wadda tsayinsu kusan ɗaya ne, ya ƙara milimita 72. To a nan mutane ke ruɗewa. Mota ba ta ɗaga da 72 ɗin duka, da rabinsa take ɗagawa, domin aksul a tsakiyar taya yake. Ke nan milimita 36 aka samu, santimita uku da rabi, faɗin yatsu biyu. Wannan ita ce ribar gaba ɗayanta.

Wanda lissafin bai kwanta masa ba, ya samo igiya. Ya kewaya tsohuwar taya da ita ya yi ƙulli, ya kewaya sabuwar ya yi ƙulli. Tsohuwar za ta ba shi mita 2.31, sabuwar mita 2.53. Tsakanin ƙulli da ƙulli wajen taƙi ɗaya ne. A kowane juyi sabuwar taya na cin ƙasa fiye da tsohuwar da taƙi ɗaya, wato kusan kashi 10 cikin 100. A riƙe wannan goman, don ita ce za ta riƙa biyo mu har ƙarshen darasi.

Haƙoran aksul

Mu da muke buɗa bakin sa mu duba haƙora kafin mu taya, ya kamata mu san mota ma tana da nata haƙoran. Ƙarfin inji yana bi ta kuloci ya shiga akwatin giya, daga nan farfela ta kai shi tukunyar aksul. A cikin tukunyar akwai ƙarfe biyu masu haƙora, ƙarami da babba, ƙaramin ke juya babban. In babban na da haƙori 41, ƙaramin na da 10, sai farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan lamba ita makanikai ke nufi in sun ce giyar aksul. A motocin Toyota na aiki akan samu 4.10, da 4.30, da 4.56, da 4.88. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarfin jan mota, gwargwadon kuma raguwar gudunta.

Masu ƙera mota ba da ka suka zaɓi lambar ba, sun auna ta ne da tsayin tayar da suka sa. In aka ƙara taya da kashi 10 aka bar haƙoran yadda suke, motar da aka ƙera da 4.10 sai ta koma tana ja kamar mai 3.73. Inji bai canja ba, ƙarfin da yake bayarwa bai ragu ba, amma abin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100, a kowace giya, tun daga lamba ɗaya har ribas.

Misalinsa kamar guga ne cike da ruwa. Ka riƙe shi jikin cinyarka, ba ka jin komai. Ka miƙa hannu da shi, ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗa za ta gaya maka. Tazarar da ke tsakanin aksul da ƙasa ita ce wannan hannun, kuma babbar taya miƙa shi take yi.

Inda asarar ke fitowa

Na ɗaya, kuloci. Mota babu kaya a kan kwalta, da wuya mutum ya ji bambanci, shi ya sa ranar da aka sa taya kowa ke murna. Ranar kasuwa ake gane gaskiya. An ɗora buhu goma sha biyar na dusa da durom guda na ruwa, an zo tashi a cikin yashi ko a kan gangaren gulbi, mota ta ƙi ɗagawa. Direba ba shi da dabara sai ya ba ta wuta ya riƙe kuloci rabi da rabi har ta motsa. Wannan warin da ake ji kamar ana ƙona fata, kuɗin mai mota ne ke ƙonewa. Kulocin da zai yi shekaru sai ya mutu tun bai tsufa ba, kuma ba ya mutuwa a ƙofar gareji, sai a daji, da dabba a baya, rana tsaka.

Na biyu, inji. A giya ta huɗu, mota na gudun kilomita 80 na gaskiya, inji kan juya wajen sau 2,370 a minti da tayar asali da aksul 4.10. Da babbar taya sai ya sauko wajen 2,160. In an shiga ta biyar ya ƙara sauka. Mota mara kaya a hanya miƙaƙƙiya ba ta damu ba, wataƙila ma ta ɗan rage shan mai. Amma injin gazuwal irin na da wanda ba shi da tobo, kamar 3L da 5L na Hilux, in aka danne shi da kaya yana juyawa a hankali, sai ya riƙa gurnani yana zubar da baƙin hayaƙi, totur a ƙasa amma gudu ba ya ƙaruwa. Man na ƙonewa ne ya zama zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin ƙasarmu ke wuce digiri 40, wannan ƙarin zafi ne ke kai lagireto ga tafasa.

Na uku, birki. Hannun nan da muka ce an miƙa, birki ma da shi yake kokawa. Ƙarfin da yake kama taya da shi yana nan, amma abin da ya isa ƙasa ya ragu da kashi 9 ɗin nan. Ga shi kuma babbar taya ta fi nauyi. Sannan ga babbar matsala: allurar gudu ta daina faɗin gaskiya. Tana nuna 80, mota na 88. Tana nuna 100, mota na 110. Kuma wahalar tsayar da mota ba ta tafiya daidai da gudu, ninkawa take yi. Daga 100 zuwa 110 abin da birki zai kashe ya ƙaru da kashi 21 cikin 100. Ke nan birki ya yi rauni a daidai lokacin da aikinsa ya ƙaru, direba kuwa bai sani ba. Mun san hanyoyinmu, jaki ko raƙumi ko yaro mai kora awaki ba ya sallama kafin ya shigo titi.

Na huɗu, kaya mai rai. Buhu inda aka ajiye shi nan yake zama, sa kuwa ba haka ba. Bijimin Azawak ƙosasshe kan kai kilo 400 ko fiye, nauyinsa a sama yake in yana tsaye, kuma a kwana sai ya jingina gefe guda. Mota ta ƙara tsayi, ga gudun da ba a san da shi ba, ga dabba na motsi. Allah ya kiyaye.

Na biyar, ƙananan abubuwan da ke cin aljihu a hankali: boris na ƙafa, kawunan sitiyari, shokozoba. Duk an yi su ne da awon tayar asali. Akwai kuma gugar madigadi. Taya na iya wucewa lafiya mota babu kaya, amma in an yi lodi aka faɗa rami sitiyari a karye, sai ƙarfe ya yanki gefen taya, gefen taya kuwa ba ya ɗaukar faci mai aminci.

Maleji da haƙƙin direba

Wannan muna so a karanta shi da kyau, domin ya sha raba ubangida da yaronsa. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san an canja taya ba. Tayar asali na juyawa sau 434 a kilomita ɗaya, babbar sau 395. Saboda haka duk tafiya sai ya rubuta ƙasa da abin da aka yi.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram kimanin kilomita 235 ne. Da babbar taya maleji zai rubuta wajen 214. A ce mota ta sha lita 26. In aka raba da tafiyar gaskiya, lita 11 ke nan a kilomita 100. In aka raba da abin da maleji ya nuna, sai ya fito lita 12 da ɗoriya. Mai mota na zaune a gida da littafinsa, ya ga shan mai ya hau, sai zuciya ta raya masa direba na zuƙe tanki. Ga kuma ƙarin shan mai na gaskiya da babbar taya ke jawowa a yashi da lodi, shi ma a kan direban za a ɗora. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, man nan mai araha da aka saba samu a bakin iyaka ya zama labari, kowa ya sa ido a kan lita. Sa ido ba laifi ba ne, amma kafin a zargi bawan Allah da sata, a fara auna taya.

Haka wanda ke ba da hayar mota da lissafin kilomita, a duk tafiya goma sha ɗaya ya yi ɗaya kyauta. Mai canja baƙin mai a kilomita 5,000 na maleji kuwa, motarsa ta riga ta yi kusan 5,500.

Gwajin ba wuya. A sami hanya mai duwatsun kilomita, a ƙirga goma, a duba abin da maleji ya rubuta. Ko a buɗe taswirar wayar hannu mai nuna gudu a gwada da allura. A rubuta bambancin a manna a gaban direba.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko, a bar mota da tayarta. Wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, Ƙonni zuwa Tawa, Maraɗi zuwa Jibiya, kuma kullum da lodi, ba shi da abin da zai yi da yatsu biyun nan. Ya sayi taya mai kyau ta awon da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa ko a littafin mota, ya huta.

Hanya ta biyu, a ƙara kaɗan. Masu sana'ar taya kan ce ƙarin da bai wuce kashi 3 cikin 100 ba mota na ɗauka ba tare da wata damuwa ba. Sababbin Hilux masu 265/65R17, tsayin tayarsu milimita 776 ne. In aka koma 265/70R17 ya zama 803, ƙarin kashi 3 da ɗan abin da ba a rasa ba, yana bakin iyaka. In aka haura 285/70R17 ya zama 831, ƙarin kashi 7, an shiga abin da muke magana a kai.

Hanya ta uku, wanda aikinsa na daji ne sosai kuma dole sai doguwar taya, to ya cika aikin, ya canja haƙoran aksul. Lissafin shi ne: lambar aksul, a ninka ta da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwar. 4.10 sau 806, a raba da 734, ya ba da 4.50. Mafi kusa da ita a kasuwa ita ce 4.56, mai haƙori 41 da 9. Da an sa ta, ƙarfin ya dawo. A tsofaffin motoci da maleji ke karatu daga akwatin giya, shi ma sai ya dawo kusa da daidai. Sababbi masu karatu daga ƙafa kuwa, canjin aksul ba ya gyara musu allura.

A nan akwai sharuɗɗa. Babban ƙarfe da ƙarami tare ake canja su, ba a aurar da na wannan da na wancan. Mota mai jan ƙafa huɗu, gaba da baya dole lambarsu ta zama ɗaya, in ba haka ba ranar da aka sa giyar daji ƙafafun gaba da na baya za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye. Ɗaurin haƙoran kuma aikin gwani ne, in ba su zauna daidai ba tukunya za ta riƙa kuka ta cinye kanta. Wanda zai sayi tukunya sukutum ta hannu, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Fanteka ta Kaduna ko a ina ne, ya ƙirga haƙoran da yatsansa kafin ya biya, kamar yadda ba ya sayen sa da labarin dillali.

Wanda bai san lambar motarsa ba, ga dabara. A tare ƙafafun gaba da dutse, a fitar da giya, a ɗaga ƙafar baya guda da jak. A sa alli a taya, a sa a farfela. A juya taya sau biyu cif, wani na ƙirga juyin farfela. Huɗu da ɗan kaɗan, 4.10 ce. Huɗu da rabi, 4.56 ce. In tayar ta ƙi juyawa, aksul ɗin mai riƙe ƙafa biyu ne, sai a ɗaga duka biyun a juya sau ɗaya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai.

Wanda ya riga ya sa

Da yawa cikinmu sun riga sun kashe kuɗi, kuma ba yau za a sami na aksul ba. To a lallaɓa:

1. A tashi da lamba ɗaya kullum, ko babu kaya.
2. A yashi ko taɓo da lodi, a sa ƙaramar giyar daji tun kafin a kafe. Tana ninka ƙarfi kusan sau biyu ko fiye, ita aka yi don wannan aiki, ba kuloci ba. Da an hau kwalta a cire.
3. Da lodi a zauna a ta huɗu. In inji ya fara gurnani a sauko, kada a danne shi.
4. A rage kaya. Hilux ta tan ɗaya ce ko kusa da haka. Lamba 120 a jikin taya na nufin tana ɗaukar kilo 1,400, ta 110 kilo 1,060, amma wannan ƙarfin taya ne, bai ƙara wa sifirin da aksul da birki komai ba.
5. In allura ta nuna 80 a ɗauka 90 ake yi, a ƙara tazara da na gaba, a sauka gangare da giya.
6. A canja baƙin mai a 4,500 na maleji maimakon 5,000.
7. Tayoyi huɗu da safaya su zama awo ɗaya. Wasu kan sa manya huɗu su bar tsohuwar safaya, ranar faci sai a ga ɗaya ta fi ɗaya.
8. In an rage iska don yashi, a mayar kafin a yi gudu a kwalta. Taya mara iska da lodi da zafin rana, fashewa take yi.

Taya ƴar gwanjo

Sau da yawa abin da ke jan mutum ga babbar taya shi ne ya same ta ta hannu da araha. Kallon kitse ake yi wa rogo. Zanen taya na iya zama da saura alhali robar ta tsufa. A nemi inda aka rubuta DOT a gefe, a duba lambobi huɗu na ƙarshe. Tun daga shekarar 2000 haka ake rubutawa: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku ne kawai, tayar ta girmi shekarar 2000, a bar musu kayansu. Wadda aka zana wa dutse da ƙanƙara a gefe kuwa, sau da yawa don sanyin Turai aka yi ta, robarta na da laushi, kwaltarmu da rani ba ta barin ta ta daɗe.

Ƴan'uwa, a kara ba ma sayen sa don tsawon ƙaho. Mukan taɓa tozo, mu shafa haƙarƙari, mu duba ƙafa, mu kora shi ya yi tafiya a gabanmu. Mota ma haka ya kamata a yi mata. Kafin a biya mai taya, a ɗauko igiya a auna, a ɗora ɗaya a gaba a karya sitiyari dama da hagu da lodi a kai, sannan mutum ya tambayi kansa sau nawa a shekara tukunyarsa ke taɓa ƙasa. In sau biyu ne, shebur da katako sun fi araha. In kullum ne, to kuɗin taya da kuɗin haƙora tare ake tara su.

Muna roƙon wanda ya karanta ya karanta wa direbansa da yaron mota, domin su ke riƙe da sitiyari. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.